Kama da wane ba ta wane: lambar jikin kafireta ta fi hotonta gaskiya

Yau za mu ɗan ajiye maganar sababbin wayoyi mu leƙa ƙarƙashin bonet, amma da wayar a hannu.

Duk mai kallon bidiyon gyaran tsofaffin motoci a YouTube ko TikTok ya san yadda abin ke farawa. Za a nuno wata Chevrolet ko Dodge ta shekarun 1960 ko 1970 da ta shekara talatin a rumfa a wani ƙauyen Amurka, ƙura ta rufe ta, ɓeraye sun yi gida a kujerunta. Mai gyara ya ɗaga bonet, ya cire murfin matatar iska, sai ka ga ya ɗauki tsumma yana goge wani gefe na kafireta, ya haska fitila, ya karanto wasu lambobi. Da yawanmu mukan tsallake wurin nan, muna sauri mu ga lokacin da injin zai tashi. To a ganina wannan ɗan gajeren wurin shi ne darasin da ya fi amfani gare mu a nan Kankiya da Kusada, ko da ba za mu taɓa riƙe sitiyarin Dodge Charger irin ta fim ɗin Fast and Furious ba.

Ra'ayina shi ne: matashi mai waya ya daina tsammanin zai ɗauki hoton kayan inji ya tura wa manhaja ta faɗa masa sunansa. Lambar da aka buga a jikin ƙarfen ita ce shaida. Amurkawa suna iya gane kafiretar da aka ƙera shekara hamsin da suka wuce saboda wasu sun zauna sun rubuta ma'anar lambobin sun ajiye. Mu tamu ma'anar tana cikin kan tsofaffin kanikawa, kuma babu mai rubutawa. Wannan aikin namu ne, mu masu waya.

Mece ce kafireta?

Ga wanda bai taɓa buɗe inji ba, kafireta ita ce ke haɗa fetur da iska kafin su shiga inji su ƙone. Iska tana bi ta wani maƙogwaro da aka tsuke tsakiyarsa. Inda ya tsuke iskar takan ƙara gudu, ƙarfin matsinta ya ragu, sai ta zuƙo fetur daga wani ɗan kofi ta cikin ƙaramin rami da ake kira jet. A cikin kofin akwai fulot mai tashi da sauka yana tsare yawan man. Injin fetur yana son wajen kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, idan aka auna da nauyi. Idan ramin jet ya fi ƙima girma, mai ya yi yawa: baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, tanki ya ƙare da wuri. Idan ya yi ƙanƙanta, mai ya yi kaɗan: inji ya yi zafi, ya riƙa tari, in aka matsa masa ma fistin ya lalace.

Bambancin da ke tsakanin jet mai kyau da marar kyau bai kai kaurin gashin kai biyu ba. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Yadda Amurkawa ke gane tasu

Kamfanoni huɗu ne suka mamaye tsofaffin motocin Amurka, kuma kowanne yana da inda yake ajiye lambarsa.

Holley, wanda tun zamanin Ford Model T yake ƙera kafireta kuma har yau yana nan, yana buga lambarsa a gaban bakin da iska ke shiga, kusa da cok. Sau da yawa za ka ga kalmar LIST sannan lamba. Idan ka ga 1850, wannan mai zuƙar iska 600 ce a ma'aunin da suke kira CFM, wato yawan iskar da take iya ja a minti guda. Idan ka ga 3310, galibi mai 750 ce. Ka ajiye su biyun a tebur ka ja da baya, za ka rantse tagwaye ne.

Rochester, na kamfanin General Motors, shi ya fito da Quadrajet a 1965. Ita tana da saukin shaidawa idan ka kifa ta: ƙananan ramuka biyu a gaba, manya biyu a baya. Amma sanin cewa Quadrajet ce bai kai ka ko'ina ba, don an ƙera miliyoyinta ga Chevrolet da Buick da Pontiac da Oldsmobile da Cadillac har zuwa wajen 1990, kowace da nata jet da nata saiti. Lambar tana gefen direba a jikin gangar. Ɗauki misalin 7040200. Ukun farko, 704, na nufin shekarun 1970. Sifilin da ke biye na nufin shekarar 1970 ɗin kanta. Lamba 2 na nuna Quadrajet ce. Sifili na gaba na nuna Chevrolet. Ta ƙarshe kuma, idan mai rabuwa biyu daidai ce, galibi motar mai canza giya da kanta ce, idan mara ce, mai giyar hannu. Daga 1976 lambar ta koma guda takwas, tana farawa da 170.

Carter, wanda ke birnin St. Louis har ya rufe a tsakiyar shekarun 1980, yakan maƙala wani ɗan ƙarfe mai kusurwa uku a ƙarƙashin ɗaya daga cikin kusoshin murfi, a wasu kuma ya buga lambar a gindin kafiretar, lambobi huɗu da harafin S. Samfurinsa mai suna AFB, na 1957, shi ne asalin wanda Edelbrock ke sayarwa sabo a yau.

Ford kuma yana da Autolite, wanda daga baya ya koma Motorcraft. Shi ma ɗan ƙarfe yake maƙalawa, da rubutu irin C8AF. Harafin C shekarun 1960 ke nan, 8 kuma 1968. Idan D ne a farko, shekarun 1970. A gefen kofin mai kuma an zubo faɗin maƙogwaron, irin 1.08 ko 1.23.

A matsayina na mai rubuta manhaja, abin da ya burge ni a nan shi ne tsarin. Wannan lamba ita ce abin da muke kira mabuɗi a rumbun bayanai: abu guda da ba ya maimaituwa, wanda da shi za ka jawo duk sauran bayani. Kuma akwai tarko guda da masu wannan harka ke yawan gargaɗi a kai. Lambar da ta taso sama, wadda aka zubo tare da ƙarfen, lambar mazubi ce kawai, kafireta iri-iri na iya ɗauke da ita. Wadda aka buga ta nutse ciki, ita ce ta shaida.

Tamu fa?

Wani zai ce, a Kankiya wa ke da Pontiac? Gaskiya ne. Amma ka tsaya bakin titin Katsina zuwa Kano, a Kankiya ko a Gidan Mutum Ɗaya ko a Yashe, ka ƙirga abin da ke wucewa na minti goma. Boxer, Jincheng, Haojue, roba-roba, Keke Napep, tsohuwar J5 da aka danƙara wa kaya, a-kori-kura mai zuwa cin kasuwar ƙauye. Ka shiga gari ka saurari janaretan mai cajin waya, da na mai aski, da injin markaɗe. Ka sauka fadama lokacin rani ka ga injin ban ruwa. Mafi yawan waɗannan da kafireta suke numfashi. Amurka ta daina sa ta a sababbin motoci tun farkon shekarun 1990, mu kuwa tattalin arziƙin ƙauyukanmu a kanta yake tafiya har gobe.

Kuma mu ma muna da tsohuwar motarmu ta tarihi. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kakuri, Kaduna, a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan Faransa ta daina. Fijo 404 da 504 sun zo da kafiretar Solex, wasu 504 kuma da Zenith. A jikinsu za ka ga rubutu irin 34 PBICA ko 32-35 SEIEA ko 35-40 INAT. Lambar farko faɗin bakin ce a milimita, idan biyu ne to baki biyu gare ta. Volkswagen Beetle da aka harhaɗa a Legas ita ma Solex ce, irin 30 PICT da 34 PICT. Toyota ta fi amfani da Aisan, Datsun da Nissan suna sa Hitachi, Honda kuma Keihin, Yamaha da Suzuki galibi Mikuni. Golf 2 da yawa sun zo da Pierburg.

Baburan China suna da nasu jerin mai farawa da PZ: PZ19 a ƙananan babura irin roba-roba, PZ26 da PZ27 a masu ƙarfin 125 da 150, PZ30 a manya. Injin ban ruwa da matsakaicin janareta kuwa yawancinsu kwaikwayon Honda GX160 ne, kuma a jikin injin za ka ga 168F. Wannan ma lamba ce mai magana: 1 silinda ɗaya, 68 faɗin silindar a milimita, F kuma iska ke sanyaya shi. Babban yayansa 188F ne, mai faɗin milimita 88. Kafiretocinsu kamarsu ɗaya a hoto, amma ta wannan ba ta zama a wancan.

Ka ga ke nan lambobin suna nan a jikin kayanmu. Abin da babu shi ne mai karantawa da mai ajiyewa.

Abin da kyamara ba ta gani

Manhajojin gane hoto, irin Google Lens, aikinsu kwatance ne. Suna duba siffa da launi da inuwa su nemo hotunan da suka yi kama a intanet. Wannan yana aiki sosai idan takalmi kake nema ko sunan wata bishiya. Amma abin da ya raba kafireta da 'yar'uwarta yana ciki: ramin jet, tsawon allura, faɗin maƙogwaro, 'yan hanyoyin da aka huda cikin ƙarfe. Babu kyamarar da ke ganin wannan daga waje, ko megafiksel ɗinta 200 ne.

Manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira kuwa, irin ChatGPT da Gemini da Meta AI na cikin WhatsApp, daga rubutun da mutane suka bari a intanet suka koyi abin da suka sani. Tambaye su lambar Quadrajet, akwai dubban shafukan da Amurkawa suka rubuta a kai, don haka suna da madogara. Tambaye su wace kafireta ce kanikawan Katsina ke ɗora wa J5 idan ta asali ta mutu, daga ina za su samo? Ba wanda ya rubuta. Kuma halin irin waɗannan manhajoji ne su ba ka amsa mai daɗin ji ko da madogarar ba ta da ƙarfi. Wanda bai san abu ba kuma ya iya magana ya fi wanda ya yi shiru haɗari.

Ku da kanku kun san wannan a harkar waya. Idan gilashin wayarka ya fashe ka je wurin mai gyara, ko a nan gida ko a Farm Centre ta Kano, ba ya wadatuwa da ka ce masa Tecno ce baƙa mai kyamara uku. Lambar samfurin yake nema, don wayoyi biyu masu kama ɗaya na iya bambanta a wurin da igiyar gilashin ke shiga. Kun yarda da IMEI, kun haddace *#06#. To kafireta ma tana da tata IMEI ɗin, sai dai maiƙo ya rufe ta.

Abin da kuskure ke ci

Kafin 29 ga Mayu 2023, lokacin da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da yawa. A da idan babur yana ɗan shan mai sai a ce halinsa ne. Yanzu wannan halin shi ne ribar ɗan acaɓa ta yini.

Yi lissafin da kanka. A ce jet ɗin da bai dace ba yana sa injinka ya ƙara shan rabin lita a rana. A wata lita 15 ke nan. Ninka da farashin da ka sayi mai yau, za ka ga cikin wata ɗaya ko biyu ka biya kuɗin kafiretar da ta dace, kana ci gaba da biya.

Ga manomin rani abin ya fi haka tsanani. Injin ban ruwa ya tsaya, tumatir ko albasa na jiran ruwa. A aika yaro da hoto a waya, ya shiga mota zuwa Katsina ko Ƙofar Ruwa a Kano, mai shago ya kalli hoton ya miƙo mai kama da ita. A dawo da yamma a tarar ramukan kusoshi ba su hau ba, ko sun hau amma injin yana ta tari. An yi asarar kuɗin mota, an yi asarar yini, shuka kuma ba ta san uzuri ba. Na ga irin wannan a gonar wani maƙwabcinmu: sau biyu ana zuwa Kano kan abu guda, alhali 168F na nan rubuce a gefen injin, laka ce kawai ta rufe shi.

Akwai kuma asarar da ba a gani. Sau da yawa kafiretar asali ba mutuwa ta yi ba, ƙurar hunturu ce ko dattin man bumburutu ya toshe ta, ko gasket ya bushe. Wanki da 'yan kayan gyara sun isa. Amma da yake ba a san lambarta ba, ba a san kayan gyaran da za a nema ba, sai a cire ta a jefa wa 'yan gwangwan su auna a kilo, a ɗora sabuwa mai araha. A Amurka kafiretar da lambarta ta dace da shekarar motar tana ƙara wa motar daraja, har akwai masu sana'ar farfaɗo da su kawai. Mu kuwa Solex ta asali da ta fito daga Kaduna muna sayar da ita a farashin tsohuwar tukunya. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai wanda ya san zuma ce.

Masu cewa ɓata lokaci ne

Na san hujjojin da za a kawo, kuma wasunsu suna da nauyi.

Na farko, za a ce kafireta ta zama tarihi, duniya ta koma nozul da kwamfuta, ga motocin lantarki, ga famfon sola, ga gas. Haka ne, can aka dosa, kuma ina murna da hakan. Amma dubi abin da ya faru bayan tsadar mai: mutane da yawa sun mayar da janaretocinsu masu amfani da gas ɗin girki. Me ake canzawa a wannan aikin? Kafireta. Kuma mai sayarwa zai tambaye ka ta wane inji, 168F ko 188F. Har hanyar fita daga fetur ta kan lambar take bi. Ban da haka, sananne ne cewa a garejojinmu akan cire wa mota nozul a mayar da ita kafireta idan na'urarta ta gagara. Ba na goyon bayan wannan, amma yana nuna cewa abin da ake cewa ya mutu yana nan da ransa a wurinmu.

Na biyu, za a ce sabuwa 'yar China ba ta da tsada, a saya a ɗora kawai. Ba ni da faɗa da kayan China, wayar da nake rubutu da ita ma daga can take. Kamfanoni irin Huayi su ne ma ke yi wa injinan 168F da yawa kafiretarsu ta asali. Matsalar ita ce sayen makanta. Sabuwar ma tana da lamba, tana da girman jet, kuma sai ka san ta tsohuwar kafin ka san wadda za ta gaje ta. Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: lambar jet ɗin Keihin da ta Solex tana bin faɗin ramin ne, 100 na nufin wajen milimita ɗaya. Wasu jet ɗin Mikuni kuwa lambarsu tana bin yawan man da ke wucewa. Don haka 100 a nan ba lallai ta zama 100 a can ba.

Na uku, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi: tsofaffin kanikawanmu ba sa buƙatar lamba. Akwai dattijon da zai ji ƙarar inji daga nesa ya ce fulot ne, kuma ya kasance fulot ɗin ne. Zai riƙe kafireta a tafin hannu ya ce ta 504 ce ta farko-farko. Na yarda ɗari bisa ɗari, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To amma wannan ilimin a ina yake zaune? A kan mutum ɗaya. Waɗanda suka koyi aiki lokacin da Fijo ke fitowa sabuwa daga Kaduna yau sun manyanta. Yaran da ke garejinsu da yawa hankalinsu ya koma kan na'urar gwajin kwamfuta, kuma ba laifinsu ba ne, can kasuwa take. Ranar da dattijon ya kwanta dama, kunnensa da idonsa sun tafi tare da shi. A Kyuba, inda takunkumin Amurka tun farkon shekarun 1960 ya hana shigar kayan gyara, har yau Chevrolet da Ford na shekarun 1950 suna ɗaukar fasinja a Habana, saboda dabarun gyaransu sun bi hannu daga uba zuwa ɗa. Mu wannan sarƙar tana tsinkewa, rubutu ne kaɗai zai ɗaura ta.

Na huɗu, za a ce ita ma lambar tana ƙarya. Wannan gaskiya ne. Akwai jabu da aka buga wa sunan manyan kamfanonin Japan, akwai kuma kafiretar da aka haɗa murfin wata da gangar wata a shekarun da ta yi tana yawo gareji-gareji. Shi ya sa lamba take buƙatar mai tabbatar da ita, wato awo. Idan lamba ta ce 26 kuma awo ya ce 26, ka samu shaidu biyu.

Yadda za ka yi da wayarka

Ba ka buƙatar waya mai tsada. Itel ko tsohuwar Infinix ta isa.

Ka bari injin ya huce tukuna, kuma ka nisanci wuta da sigari, fetur ne a wurin. Ka samu tsohon buroshin haƙori da ɗan fetur ko kananzir ka wanke gefen gangar da gindinta da bakinta. Kada ka sa takardar yashi ko buroshin waya, za su cinye lambar. Idan ta dushe, goga alli a kai ka share da yatsa, farin zai zauna cikin ramukan rubutun.

Kashe filashin kyamara. Hasken da ya daki ƙarfe kai tsaye yana shafe rubutu. Ka karɓi wayar abokinka ka haska tocilan daga gefe, inuwa za ta fito da kowace lamba. Idan wayarka tana da yanayin ɗaukar abu na kusa, kunna shi. Idan babu, ja baya kaɗan ka zuƙo hoton.

Ɗauki hoto biyar: lambar, bakin da ke kallon matatar iska, bakin da ke manne da inji, gefen da wayar totur ke shiga, da lambar jikin injin kansa. Sannan ka auna faɗin bakin da ke manne da inji, da nisan da ke tsakanin ramukan kusoshi biyu, daga tsakiya zuwa tsakiya. Rular makaranta ma tana yi idan babu ma'aunin kanikawa. Idan an buɗe kofin, duba lambar da ke kan jet ka rubuta.

Sai yanzu za ka shiga intanet. Rubuta sunan kamfanin da lambar a Google, kar ka wadatu da shafi ɗaya, ka ga aƙalla biyu sun yi daidai. A nan ne manhajar hira za ta yi maka amfani: ba ta lambar, ka ce ta fassara maka bayanin da ka samo da Turanci ko Faransanci zuwa Hausa. Bayanan Solex da Fijo da yawa da Faransanci suke. Kuma idan za ka aika wa mai shago saƙo ta WhatsApp, tura lamba da awo tare da hoton. Idan akwai ɗan ƙarfen shaida a jiki, ka roƙi bakanike ya mayar da shi bayan wanki. Nan ne ake yawan yar da shi.

Aikin da ke jiran mu

Duk wannan na mutum ɗaya ne da injinsa. Abin da nake kira gare shi ya fi haka faɗi, amma ba shi da wuya. Jadawali ne guda a Google Sheets, ko fom a KoboToolbox wanda ke aiki ko babu data sai ya tura daga baya. Gurabensa bakwai: sunan inji ko abin hawa, lambar injin, lambar kafireta, faɗin baki, lambar jet, sunan da kanikawa da masu shago ke kiran ta da shi, da wadda ke iya maye gurbinta idan ba a samu ba.

Gurabe biyu na ƙarshen nan su ne dukiyar. Sauran ana iya tono su a intanet, amma sunan da ake kira a kasuwa da dabarar musanya babu su ko'ina sai a bakin masu aikin. Wannan ne abin da babu wani kamfani a Kalifoniya da zai zo ya tattara mana.

Sai dai a shiga da ladabi. Kada ka je gareji ka ɗaga waya a fuskar dattijo kamar ɗan jarida. Ka gaishe shi, ka zauna, ka ce Baba, so nake a rubuta abin da kuka sani don kada ya ɓace, kuma da sunanku za a rubuta in kun yarda. Wani zai ƙi, yana ganin sirrin sana'arsa ne, kuma haƙƙinsa ne ya ƙi. Amma a fahimtar da shi cewa jadawali ba ya kwance kafireta, ba ya saita iska da kunne. Abin da zai yi shi ne ya rage masa aiken yaro Kano sau biyu, ya kuma sa mai injin ya san wurin wa zai zo. Inda akwai reshen ƙungiyar kanikawa ta NATA, a fara da shugabanninta.

Idan matasa goma a Kankiya da goma a Kusada kowa ya rubuta inji biyar, an samu layi ɗari. Ingawa ta ƙara nata, Charanchi ta ƙara, Dutsin-Ma da masu noman rani na Zobe su ƙara. Hotunan a ɗora su a Wikimedia Commons da bayani da Hausa, yadda kowa zai samu kyauta. Wanda ke koyon rubuta manhaja kuma yana neman aikin gwaji, ga shi nan a ƙofar gida: ƙaramar manhaja da za a rubuta lamba ta fito da bayani ba tare da data ba. Ta fi manhajar lissafi ta ɗari da ake ta kwafa daga YouTube, kuma akwai mai buƙatarta tun yau.

Ka fara da injin da ke gidanku. Janareta ne, babur ɗin yayanka ne, ko injin ban ruwan Baba, ka wanke gefensa a ƙarshen makon nan ka rubuta abin da ka gani, ka ajiye a wayarka inda ba zai ɓace ba. Ranar da ya tsaya, za ka gode wa kanka.

Allah ya sa mu dace, ya yi wa sana'o'inmu albarka. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.